Yadda Muka Je Tawa Sayen Jitar Yaya Umaru

Tun da muka dawo daga Tawa ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagona na ɗinki a Ƙofar Taramniya, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Sanusi, wai da gaske ne ka ɗauki dattijo makaho ka ƙetara da shi Nijar don sayen abin kiɗa?" Wasu da dariya suke tambaya, wasu da ɓacin rai. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, ƙafa a kan keke, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya, kowa ya huta.

Dattijon dai wana ne, Yaya Umaru, uwa ɗaya uba ɗaya. Direban babbar mota ne tun ina firamare. Albasa, gero, siminti, babu abin da bai ɗauka ba tsakanin Sakkwato da Kwanni da Tawa har Agadas. Hawan jinin ido ya fara cin ganinsa daga gefe, bai faɗa wa kowa ba sai da abin ya yi nisa. Da idon ya rufe gaba ɗaya sai ya sayar da motar, ya shiga ɗakinsa a Runjin Sambo ya zauna. Ko masallacin ƙofar gida sai an yi da gaske yake fita, don ba ya son a riƙe masa hannu a gaban mutane. Abinci ya koma loma biyu. Mutumin da a da muryarsa ke cika tasha, sai ka yini a gefensa ba ka ji komai ba sai "lahiya lau".

Wata Juma'a na je gaishe shi, muna zaune shiru, sai ya ce, "Sanusi, jita nika so."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Mi kac ce, Yaya?"

"Jita. Mai lantarki, irin ta Buzaye."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wai shekarun baya motarsa ta lalace a bayan garin Tawa, ya tarar da Buzaye suna biki, batirin da suke kiɗa da shi ya mutu. Ya kwance na motarsa ya ba su. Mai kiɗan, wani Agali, ya zama amininsa tun daga ranar, duk zuwa Tawa a gidansa yake sauka. Ya ce tun lokacin yake son ya koya, amma hannun da ke kan sitiyari ba shi da lokacin wani abu. "Yanzu kau," in ji shi, "lokaci kaɗai gare ni."

Matarsa, Hajiya Luba, ta tare ni a tsakar gida da zan fita. Ta ce, "Alhaji guda, da jikoki, shi ɗauki jita? Mi mutane za su ce?" Ta dubi ƙofar ɗakin. Sannan ta ce, "Amma tun da idon nan ya tahi, yau na fara jin ya nemi wani abu da bakinai. Ka san yadda za ka yi."

Na fara nema a gida. Akwai wani shago wajen Sama Road inda masu coci ke sayen kayan kiɗa, na wani mutumin Filato da ake kira Malam Bulus. Guda biyu na tarar: ɗaya ta fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba, ɗayar kuwa shi da kansa ya hana ni. Ya ce, "Wuyanta ya karkace, in ka kai wa baban nan zai ɗauka shi ne bai iya ba. Kada ka saya masa jitar da bai riƙe da hannunsa ba." Da na mayar wa Yaya da maganar, sai ya ce ai dama Tawa za mu, Agali ya san inda ake samun na hannu masu araha. Lambar Agali ta ɓata tare da tsohuwar wayar Yaya. Haka muka shirya ba tare da mun sanar da kowa can ba.

Da sassafe muka shiga motar Illela. Ina fargabar tasha, don rabin mutanenta sun san shi, kuma abin da na ji tsoro ya faru. Suka kewaye shi, wannan ya ce "Allah Sarki", wancan ya ce "ashe haka abin ya zama". Yaya ya sunkuyar da kai yana amsawa ƙasa-ƙasa. Direbanmu ne ya cece shi, ya sauke fasinjan gaba, ya ce, "Alhaji, nan ne wurinka." Muna wuce Kware sai na ga ya ɗan miƙe zaune. Kafin Gwadabawa ya ce wa direban, "Rage wuta, akwai rami bayan kwanar ga." Direban ya ce an cike wannan, amma an samu sabo gaba kaɗan. Yaya ya yi murmushi, na farko da na gani a fuskarsa cikin dogon lokaci.

A iyaka sai an sauka an taka. Aka duba katin shaida da na rigakafi a ɓangarenmu, aka sake dubawa a nasu. Abin da na lura shi ne duk wanda zai yi tambaya ni yake kallo. "Asibiti za ka kai shi?" Ni nake amsawa, Yaya yana tsaye riƙe da gefen rigata kamar ba a kansa ake magana ba. Daga nan babur muka hau zuwa tashar Kwanni, na sa shi a tsakiya, hularsa ta faɗi a hanya, sai da muka juya muka ɗauko.

A tashar Kwanni ne abin da ya fi ba ni ciwo a tafiyar nan ya faru. Na zaunar da shi a kan benci a inuwa na je yankar tikiti. Hausarsu tamu ce, sai dai cike da Faransanci, sai da na sa mai tikitin ya maimaita sau da yawa. Ina dawowa na ga wata mata ta tsaya a gabansa, ta kama hannunsa ta sa masa tsaba, ta ce, "A yi mana addu'a, baba." Ta wuce abinta, da kyakkyawar niyya. Yaya ya daskare, hannun a buɗe. Babbar rigarsa ta shadda ce, ni na ɗinka ta, amma matar ba rigar ta gani ba.

Ya ce, "Sanusi, mu koma gida."

Na zauna kusa da shi. Motar Tawa tana ta lodi, ana kiran fasinja. Can sai ya ɗaga hannu ya yi wa matar addu'ar da ta roƙa, a hankali, har ƙarshe. Ya miƙo mini kuɗin ya ce in ba wanda ya dace. Sannan ya ce, "Ka riga ka yanki tikitin?" Na ce na yanka. Ya ce, "To, tashi mu tahi."

A Tsarnawa, inda hanya ke rabuwa, na sayo mana dambu da zogale da irin dogon burodin nan nasu mai tauri kamar sanda, Yaya ya ce ya ƙoshi. Shingayen jandarma suna da yawa, kowanne sai an sauka an nuna kati. A Badagishiri muka yi sallar azahar. Ni dai duk hanyar tunani ɗaya nake: in muka tarar Agali ya tashi daga garin, ko ya rasu, me zan ce wa mutumin nan?

Da la'asar muka isa. Yaya ne ya yi wa mai babur kwatance, daga kasuwar dabbobi a bi hagu, a wuce rijiya. Rijiyar ta zama famfo, amma gidan yana nan. Wani dogon tsoho ya fito da rawani ya rufe har hanci, idanu kaɗai ake gani. Ya tsaya yana kallon Yaya. Sai ya ce, "Umaru mai batir." Ya kama shi da hannu biyu, suka daɗe a haka. Bai ce Allah Sarki ba, bai tambayi ido ba. Ya ja shi ciki yana masa faɗan shekarun da ya yi bai zo ba.

Zaman gidan Buzaye ya ba ni mamaki. Mu a nan mace ke lulluɓi, su kuwa namiji ne ke rufe fuska, ko shayi zai sha sai ya kai kofin ta ƙarƙashin rawani. Matar Agali, Tamu, ta fito fuska a buɗe ta zauna cikinmu ana hira da ita. Da na yaba gidan, Agali ya ce in yaba wa mai shi, don gida da abin da ke ciki nata ne, shi baƙo ne da ya daɗe. Aka kawo cuku busasshe da dabino da fura mai cuku a ciki. Shayin nasu zagaye uku ne. Na farkon akwai ɗaci kamar maganin zazzaɓi, na kurɓe shi gaba ɗaya don kada in yi rashin kunya, sai Tamu ta ɗauka daɗinsa na ji, ta sa aka ƙara mini.

Bayan shayi Yaya ya faɗi abin da ya kawo mu. Agali ya ajiye kofinsa. Sannan ya ce, "Umaru, na bari. Na sayar da tawa tuntuni. Yanzu ni ke kiran salla a masallacin bayan gidan nan." Ya ce ba wanda ya tilasta shi, shi ne ya ga ya isa haka. Na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Ya ce, "To, ba komi. Mun dai gaisa." Lokacin magariba ya yi, Agali ya tashi ya fita.

Da safe ina naɗe tabarma, na ɗauka gida za mu, sai ga Agali da sabon rawani da sanda. Ya ce, "Ni na bari. Kai ba ka fara ba. Ku tashi kafin rana ta yi zafi."

Ya kai mu wani shago a bayan kasuwa, na wani Iliyasu mai ba da hayar kayan kiɗa ga masu biki, yana kuma sayar da na hannu da ake kawowa daga arewa. Jitoci rataye a bango kamar rigunan da ke jiran masu su. Idona ya faɗa kan wata ja sabuwa fil, tana ƙyalli, kuma ita ce mafi araha. Na ce ga tamu. Aka ɗora wa Yaya a cinya. Ya shafa jikinta, ya bi wuyanta da tafin hannu, sai ya janye da sauri. Ƙananan ƙarafan nan da ake gindayawa a wuyan jita, bakinsu ya fito da kaifi, ɗaya ya yanke shi a yatsa. Agali ya ɗauke ta ya kai ido, ya leƙa tsawon wuyan kamar mai duba sandar da zai saya. Ya sa yatsa tsakanin tsirkiya da itacen, ya nuna mini tazarar. Ya ce, "Ka gani? In tsirkiya ta yi nisa haka, sai an danna da ƙarfi. Ɗan koyo zai sha wuya kwana kaɗan ya jefar." Aka mayar da ita bango.

Ta biyu tsohuwa ce mai nauyi, Iliyasu ya ce babu kamarta a shagon. Da aka jona ta a sifika, sautinta ya cika wurin, har Agali ya lumshe ido. Yaya ya riƙe ta ya daɗe. Ya tambayi kuɗinta, aka faɗa. Ya miƙa ta da hannu biyu. Na ce masa ƙasa-ƙasa zan iya sayar da keken ɗinkina ɗaya. Ya ce, "Kul. Wanda bai iya tuƙi ba ba a ba shi sabuwar mota. Kuma ta yi mani nauyi a kafaɗa."

Ta ukun a ƙasa take, jingine a lungu. Baƙa ce, fentin ya goge a inda hannu ke gogawa, ga tabon sigari a kanta. Ni da a hanya na gan ta ba zan waiwaya ba. Agali ya leƙa wuyanta ya ce a miƙe yake. Tsirkiyoyin suna kwance kusa da itace. Ya murɗa kusoshin ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya ya ga suna riƙewa, ba sa sulluɓewa. Yaya ya bi gefen wuyan da yatsa, sumul. Ya danna tsirkiya ɗaya, ya ce, "Wagga tana da taushi."

Da aka jona ta a sifika sai ta riƙa wani ƙuuu, tana ɗaukewa tana dawowa. Na ce shi ke nan, ita ma ta lalace. Yaya ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Ya karkata kai kamar yadda yake yi a gaban inji. Ya laluba har inda wayar ke shiga, ya girgiza ta, ƙarar ta ƙaru. Ya ce, "Ba ciki ba ne. Noti ne ya kwance nan." Iliyasu ya kawo sifana ya ɗaure, ƙarar ta ɗauke. Ya yi dariya ya ce da ya sani da ya ɗaure kafin mu zo, ya ƙara kuɗi.

Saura sifika. Iliyasu ya nuna manya, Agali ya ce ba biki za a yi ba. Na tuna halin wutarmu, na ce a ba mu ƙarama mai caji, wadda za a ɗauka da hannu ɗaya. Agali ya sa aka canza tsirkiyoyin da sababbi masu laushi, aka ƙara mana wasu na ajiya. Shi ya yi cinikin da yarensu, ban ji ko kalma ba, na dai ga Iliyasu yana dafe kai. Abin da muka zo da shi ya isa, har da na mota.

Sabuwar tsirkiya sai an daidaita ta. Iliyasu ya miƙa hannu zai karɓa, sai Agali ya riga shi. Ya ce, "Gyarawa kawai zan yi." Ya murɗa, ya saurara, ya murɗa. Da ya gama sai yatsunsa suka zarce da kansu, wani ɗan kiɗa gajere mai tafiya kamar raƙumi. Mutane biyu suka tsaya a bakin shagon. Ya katse a tsakiya, ya ɗora ta a cinyar Yaya, ya gyara rawaninsa. Ya ce, "Ta yi." Na dubi Yaya, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Mun ƙara kwana biyu a gidan. Agali bai sake kaɗawa ba. Yakan zauna a bayan Yaya, ya kama yatsunsa ya ɗora kowanne a wurinsa, ya ce danna, ya ce saki. In lokacin salla ya yi ya tashi ya je ya kira, Yaya ya jingine jitar ya bi shi, riƙe da hannunsa, a gaban kowa. Abin da ya koya kaɗan ne, 'yan sautuka da ake bi a jere a dawo. Kan yatsunsa ya yi ja ya kumbura. Ranar da za mu taho Tamu ta ɗinke jitar cikin tsohon bargo. Agali ya raka mu tasha, ya ce, "Kullum kaɗan. Kada ka yi fushi da hannunka, bai saba ba ne."

A iyaka, wajen dawowa, wani jami'i ya ga ƙunshin ya ce a kwance. Ya dube ni ya ce, "Ta sayarwa ce?" Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Ni za ka tambaya. Ni ad da ita."

Jami'in ya juya. "Kai, baba? Kai ke kaɗawa?"

"Koyo nikai."

"To, mu ji."

Ga fasinjoji, ga masu babur, ga masu tallan ruwa, duk an zuba ido. Na so in roƙi mutumin ya bar mu. Amma Yaya ya ce a ba shi wurin zama. Aka jawo benci, na jona masa sifikar. Ya laluba wuyan, ya jera yatsu, ya fara. Ya yi kuskure, tsirkiya ta yi wani ƙara mara daɗi, wani ya yi dariya a baya. Ya tsaya, ya sake jera yatsun, ya faro daga farko. A karo na biyu ya kai ƙarshe.

Jami'in ya ce, "Yaushe ka fara?"

"Shekaranjiya."

Mutumin ya durƙusa ya naɗe jitar cikin bargon da kansa, ya ɗauka ya kai mana har mota. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Alhaji."

Da muka iso Runjin Sambo, Hajiya Luba ba ta ko kalli ƙunshin ba. Hannunsa ta kama ta duba yatsun, ta shiga ɗaki ta fito da man kaɗanya. Tana shafa masa ta ce, "Bayan la'asar, in yara sun tahi Islamiyya. Kuma a rage murya." Maganar unguwa kuwa an yi ta. Akwai abokinsa da ya daina zuwa gaishe shi, akwai wanda ya same ni har shago ya yi mini nasiha mai tsawo. Na saurara, na gode masa. Ni ba malami ba ne, ba zan yi gardama a kan abin da ban sani ba. Na dai san yadda wana yake kafin mu tafi.

Masu tambaya ko ya iya, amsa ita ce a'a, bai iya ba tukuna. Har yanzu yatsun suna sarƙewa, kuma abin da yake kaɗawa bai fi abin da ya taho da shi daga Tawa da yawa ba. Makon jiya na je gidan da yamma da wata magana ta gaggawa a kan gonar gado. Na yi sallama a ƙofar ɗakinsa, ina jin sautin yana fita ƙasa-ƙasa, wuri ɗaya yake ta maimaitawa. Na sake sallama. Sai ya amsa daga ciki, da tsohuwar muryar nan tasa ta tasha.

"Sanusi ne? Jira ni nan waje. Ina cikin aiki."

Na samu kujera a tsakar gida na zauna, na jira har ya gama.